Neman Tallafin Bincike ga Ɗaliban Manyan Digirori a Kimiyya da Injiniyanci: Tsari da Harshen Takardun Nema

1.0 Gabatarwa

A kowace shekara dubban ɗalibai masu niyyar karatun gaba da digirin farko a fannonin kimiyya da injiniyanci sukan shiga takarar neman tallafin da zai ɗauki nauyinsu na 'yan shekaru, domin su sami sukunin yin bincike ba tare da fargabar abin sawa a baka ba. Galibin waɗanda ke yanke hukunci a wannan takara ba su taɓa ganin ɗalibin ba, kuma ba lalle ne su taɓa ganinsa ba. Abin da ke gabansu shi ne 'yan shafukan da ya rubuta, da wasiƙun malamansa, da sakamakon jarrabawarsa. Ke nan makomar wanda ya shafe shekara huɗu ko biyar yana ɗawainiya a ɗakin gwaje-gwaje tana iya rataya a kan yadda ya sarrafa harshe a cikin shafi biyar. Wannan kaɗai ya isa ya sa manazarcin harshe ya waiwayi batun, ko da kuwa bai taɓa leƙa ɗakin gwaje-gwaje ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake neman irin wannan tallafi, da abin da masu tantancewa ke nema a takardun, da irin salon da takardun ke buƙata. An ɗauki shirin Hukumar Kimiyya ta Ƙasar Amurka, wadda aka fi sani da NSF, a matsayin babban misali, saboda shi ne mafi daɗewa a irinsa a waccan ƙasa, kuma ƙa'idojinsa a rubuce suke dalla-dalla, kowa na iya nazarinsu. Daga bisani za a duba hanyoyin da ke buɗe ga ɗalibin Nijeriya, wanda dokar shirin ba ta ba shi damar shiga ba.

2.0 Bambancin Wannan Tallafi da Makamantansa

A bakin yawancin Hausawa 'yan boko, duk wani kuɗin karatu da aka ba ɗalibi sikolashif ne. Sai dai a jami'o'in Amurka akwai hanyoyi uku mabambanta da ɗalibin digiri na uku ke samun abin dogaro. Akwai wanda sashensa ke biya don ya taimaka wajen koyarwa da duba takardun ƙananan ɗalibai. Akwai wanda malaminsa ke biya daga kuɗin da shi malamin ya samo don gudanar da wani bincike. Wannan ɗalibi ma'aikaci ne a gonar wani, abin da mai gona ya ce a shuka shi zai shuka. Na uku shi ne wanda aka ba tallafin da sunansa, bisa cancantar kansa, ba a ɗora masa koyarwa ba, ba a kuma ɗaure shi ga aikin wani malami ba. Wannan na uku shi ake nufi da tallafin bincike a wannan maƙala.

Amfaninsa ya wuce na kuɗi. Ɗalibin da ya zo da guzurinsa yana iya zaɓar jami'ar da zai shiga cikin waɗanda suka karɓe shi, yana iya zaɓar malamin da zai duba aikinsa ko da malamin ba shi da kuɗin ɗaukar sabon ɗalibi, kuma idan zama ya yi tsami tsakaninsu yana iya sauya malami ba tare da ya rasa abincinsa ba. Wanda ya san halin da ɗalibi ke shiga idan ya saɓa da mai duba kundinsa zai fahimci girman wannan 'yanci.

3.0 Asalin Shirin

A watan Yuli na 1945, yayin da Yaƙin Duniya na Biyu ke gab da ƙarewa, Vannevar Bush, injiniyan da ya jagoranci binciken kimiyya na Amurka a lokacin yaƙin, ya miƙa wa shugaban ƙasa rahoton da ya nemi gwamnati ta ci gaba da ɗaukar nauyin bincike a lokacin zaman lafiya, ta kuma tarbiyyantar da sababbin masana. An yi shekara biyar ana jayayya a majalisa a kan wanda zai riƙe akalar hukumar kafin Shugaba Truman ya sa hannu a dokar kafa NSF a 1950. A 1952 aka ba rukunin farko na ɗalibai tallafin. Bisa alƙaluman hukumar, daga wancan lokaci mutum fiye da 60,000 sun samu daga cikin masu nema fiye da 500,000, kuma fiye da 40 daga cikinsu sun ci lambar yabo ta Nobel.

Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a watan Oktoba na 1957, hankalin Amurka ya tashi, majalisa ta zartar da Dokar Ilimi don Tsaron Ƙasa a 1958. Wani abin lura a nan shi ne, dokar da aka yi don cim ma Rasha a kimiyya ita ce kuma ta tanadi kuɗi, a babinta na shida, don koyar da harsunan da ba a saba koyarwa ba. Ta wannan ƙofa cibiyoyin nazarin Afirka suka bunƙasa a jami'o'i irin su Wisconsin da Indiana da Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, inda aka riƙa koyar da Hausa, inda kuma wasu daga cikin magabatan masana Hausa na Nijeriya suka yi digirinsu na uku: Ɗandatti Abdulƙadir a Indiana a 1975, Dauda Bagari a Los Angeles a 1976. Daga baya wasu shirye-shiryen sun biyo baya. Gidauniyar Hertz ta soma ba da nata tallafin a shekarun 1960, Ma'aikatar Tsaro ta kafa nata a 1989, Ma'aikatar Makamashi kuma ta buɗe na masu nazarin kimiyya ta hanyar kwamfuta a 1991.

3.1 Matsayin Kimiyyar Harshe

A jami'o'in Nijeriya an saba ajiye nazarin harshe a tsangayar fasaha, tare da adabi da tarihi da addini. A tsarin NSF kuwa, kimiyyar harshe tana cikin jerin fannonin da ɗalibi zai iya neman tallafi a kansu, ƙarƙashin kimiyyar zamantakewa, kafaɗa da kafaɗa da ilimin sinadarai da lissafi da injiniyanci. Adabi ba ya ciki. Haka nan karatun likitanci da shari'a da kasuwanci, waɗanda ake ɗauka a matsayin horon sana'a. Abin da ya raba su shi ne ko aikin yana gabatar da tambayar da za a iya gwadawa da hujjojin da wani zai iya sake bi ya tabbatar.

Wannan matsayi ya taɓa harsunan Nijeriya kai tsaye. Da kuɗin NSF ne marigayi Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri suka gudanar da aikin nazarin harsunan Jihar Yobe daga 2001, aikin da ya samar da ƙamusoshin Bade da Bolanci da Karekare da Ngamo da Ngizim, waɗanda aka buga a Potiskum. Wannan ba tallafin ɗalibi ba ne, kuɗin bincike ne na malamai, amma da ma'auni ɗaya ake auna su duka, kamar yadda za a gani.

4.0 Sharuɗɗa da Abin da Ake Bayarwa

Shirin yana biyan ɗalibi na tsawon shekara uku, waɗanda zai iya rarrabawa a cikin shekara biyar. A gasar 2024 kuɗin hannun ɗalibi dala 37,000 ne a shekara, da ƙarin dala 16,000 da ake ba jami'arsa a madadin kuɗin makaranta, jimlar dala 159,000 ke nan a shekara ukun. Sharaɗi na farko shi ne mai nema ya kasance ɗan ƙasar Amurka ko mai izinin zama na dindindin. Na biyu, ya kasance a farkon tafiya. Wannan sharaɗi na biyu ya sha sauyi. Kafin 2016 ɗalibi na iya nema yana ajin ƙarshe na digirin farko, ya sake nema a shekararsa ta farko a babban digiri, ya kuma sake a ta biyu. A 2016 aka taƙaita wa waɗanda suka riga suka soma babban digiri, aka ce sau ɗaya tak za su nema, domin a buɗe hanya ga 'yan digirin farko, musamman na ƙananan jami'o'i, waɗanda tsofaffin hannu ke shafe su. Tasirin haka ya bayyana nan da nan: masu nema sun kusa 17,000 a gasar 2016, suka koma 13,000 da 'yan kai a ta 2017, alhali guraben 2,000 ne a kowaccensu. Sanarwar da ta fito a ƙarshen Satumba na 2025 kuma ta cire 'yan shekara ta biyu baki ɗaya, abin da ya rutsa da ɗalibai da dama da suka jinkirta nema bisa shawarar malamansu don su tara ƙwarewa.

Yawan guraben ma ba tabbatacce ba ne. A 2023 an ba mutum fiye da 2,500. A watan Afrilu na 2025 aka sanar da 1,000 kacal, aka ƙara 500 a watan Yuni. Darasin da ke cikin wannan ga mai nema shi ne kada ya dogara da sanarwar bara, ko da abin da wani wanda ya taɓa ci ya gaya masa. Sanarwar shekarar ita ce doka, har zuwa girman harafi da faɗin gefen shafi, kuma takardar da ta saɓa wa waɗannan ƙananan ƙa'idoji mayar da ita ake yi ba tare da an karanta ba.

5.0 Ma'aunai Biyu

Tun daga 1997 NSF ke auna duk abin da aka gabatar mata da ma'auni biyu. Na farko shi ne nagartar ilimi, wato ko aikin zai ƙara wa fanninsa wani sani, kuma ko mai neman yana da basira da shirin da zai iya kai shi gaci. Na biyu shi ne amfani ga al'umma, wato abin da aikin da mai aikin za su tsinana wa waɗanda ba 'yan fannin ba: koyar da na baya, jawo waɗanda aka bari a baya cikin kimiyya, wayar da kan jama'a, inganta lafiya ko tattalin arziki. A 2010 majalisar dokokin ƙasar ta shigar da ma'auni na biyun cikin doka.

Masana ne daga jami'o'i da cibiyoyin bincike ke karanta takardun, kowace takarda mutum biyu ko uku, su ba ta daraja a kan kowane ma'auni daban, su kuma rubuta taƙaitaccen sharhi da ake aika wa mai nema ko ya ci ko bai ci ba. Abu biyu ya kamata a lura da su game da waɗannan masu karatu. Na ɗaya, kowannensu yana da tarin takardu a gabansa da ɗan lokaci ƙalilan. Na biyu, masani ne a babban fannin amma ba lalle ya san lungun da ɗalibin ya shiga ba. Mai nazarin ginin jimla na iya samun kansa yana karanta shirin bincike a kan karin sauti. Daga waɗannan abubuwa biyu ne kusan dukkan ƙa'idojin salon takardun suka samo asali.

Ɗalibai masu hazaƙa sun fi tuntuɓe a ma'auni na biyu. Sukan cika shafukansu da bayanin gwaje-gwaje, sa'an nan su liƙa jimla biyu a ƙarshe cewa aikin zai amfani 'yan Adam. Mai tantancewa ba alkawari yake nema ba. Yana so ya ga abin da ɗalibin ya riga ya yi, ga mutum nawa, na tsawon wane lokaci, don ya gaskata abin da ya ce zai yi.

6.0 Takardun Nema

Ban da sakamakon jarrabawa, abubuwa uku ne ke cikin kundin nema: shirin bincike mai shafi biyu, bayanin kai mai shafi uku, da wasiƙun shaida daga malamai, galibi uku.

6.1 Shirin Bincike

Masu nazarin nau'o'in rubutu sun daɗe da lura cewa rubutun kimiyya yana da matakai da marubuci ke takawa a jere. A littafinsa Genre Analysis na 1990, John Swales ya nuna cewa gabatarwar maƙalar bincike takan bi mataki uku: marubuci ya shata fagen da yake magana a kai ya nuna muhimmancinsa, ya nuna giɓin da magabata suka bari, sa'an nan ya shiga giɓin ya ce ga abin da shi zai yi. A 1999 Ulla Connor da Anna Mauranen suka yi irin wannan nazari a kan takardun neman kuɗin bincike na Tarayyar Turai, suka fitar da matakai goma, waɗanda suka haɗa da wasu da ba a samu a maƙala, kamar iƙirarin ƙwarewa da iƙirarin amfani. Dalilin bambancin a fili yake. Maƙala tana ba da labarin aikin da aka gama, hujjarta na tare da ita. Takardar nema kuwa tana tallan aikin da ba a yi ba, don haka dole marubucin ya sa a yarda da shi kafin a ga sakamako.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne daɗewa a mataki na farko. Ga misalai biyu da aka ƙirƙira don kwatance, an kuma kawo su da Hausa ko da yake da Ingilishi ake rubuta takardun:

(1a) Siminti yana da matuƙar muhimmanci a rayuwar ɗan Adam, domin tun zamanin da mutane suke gina muhalli. Masana da dama sun tofa albarkacin bakinsu a kan siminti. Wannan bincike zai yi ƙoƙarin duba wasu hanyoyi na inganta shi.

(1b) An san cewa tokar ɓuntun shinkafa na iya maye gurbin wani kaso na siminti a kankare, amma ingancinta ya danganta da zafin wutar da aka ƙona ɓuntun. Zan gwada tokar da aka ƙona a matakan zafi uku, a kaso 10 da 20 da 30 cikin ɗari, in auna ƙarfin kankaren bayan kwana 28.

Misali na (1a) ya cinye layi uku bai faɗi abin da mai karatu bai sani ba. Aikatau ɗinsa ma masu ja da baya ne: "zai yi ƙoƙarin duba". A (1b) jimla ta farko ta ɗauki fage da giɓi a tare, kalmar "amma" ita ce maganaɗisun da ya haɗa su, jimla ta biyu kuma ta faɗi abin da za a yi da aikatau masu aunuwa, "gwada" da "auna". Mai tantancewa zai iya yarda ko ya ƙi, amma ya san abin da ake tambayarsa.

Haka abin yake ga mai nazarin harshe. Wanda ya rubuta cewa zai "yi nazari a kan Hausa da kwamfuta" bai ce kome ba tukuna. Wanda ya ce rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, har "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, ko "gari" na mutane da "gari" na tuwo, suke zama kalma ɗaya a idon na'ura, kuma shi zai gwada ko kalmomin da ke kewaye sun isa na'urar ta rarrabe su, wannan ya gabatar da tambayar da injiniya da masanin harshe za su fahimta baki ɗaya.

George Heilmeier, wanda ya shugabanci hukumar binciken tsaro ta DARPA daga 1975 zuwa 1977, ya shahara da jerin tambayoyin da yakan yi wa duk mai neman kuɗi: me kake son yi, a faɗe shi ba da kalmomin fannu ba, yaya ake yin sa a yau, kuma ina gazawar, mene ne sabo a hanyarka, wa abin zai dama idan ka yi nasara, ina haɗarin, yaya za a gane an yi nasara. Tambayar haɗari ita ɗalibai suka fi gudu, suna ganin ambaton yiwuwar gazawa rauni ne. Masu tantancewa kuwa sun san gwaji yakan ƙi, kuma ɗalibin da ya ce idan hanya ta farko ta toshe ga ta biyu ya nuna ya taɓa aiki da hannunsa. Daɗin daɗawa, hukumar ba ta tilasta wa wanda ya ci ya aiwatar da ainihin abin da ya rubuta. Mutumin take zuba wa jari, shirin kuwa gwaji ne na yadda yake tunani.

6.2 Bayanin Kai

A nan ne al'ada ke shigowa. Takardar tana buƙatar mutum ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, da wakilin suna na mutum na farko tilo. Bahaushe kuwa an tarbiyyantar da shi a kan cewa yabon kai jahilci ne, kunya da kawaici su ne adon mai ilimi. Saboda haka ɗalibin da ya tashi a wannan tarbiyya, ko a makamanciyarta cikin al'ummun Nijeriya, yakan fake a bayan "mun yi" da "an yi", har mai karatu ya kasa gane ko shi ne ya tsara gwajin ko kwalabe kawai ya wanke. Wani kuma, da aka ce masa ya yabi kansa, sai ya tsallaka ɗaya ɓangaren ya shiga kirari irin na ɗan dambe, ya jera siffofi: haziƙi, jajirtacce, mai kishin kimiyya tun yana yaro. Akwai salo na uku da aka gada daga wasiƙun neman aiki na zamanin En'e, wato salon koke, inda mai nema ke ƙanƙan da kai, ya bayyana talaucin gidansu, ya roƙi a dube shi da idon rahama. Duka ukun ba sa biyan buƙata.

Mafita tana cikin nahawu. Siffa iƙirari ce, aikatau kuwa rahoto ne. Wanda ya ce shi mai haƙuri ne ya yabi kansa. Wanda ya ce na'urar ta ƙi aiki wata uku, ya gano cewa zafin ɗakin ne ke ɓata awon, ya sauya lokacin gwajin zuwa asuba, bai yabi kansa ba, labari ya bayar, mai karatu ne zai ciro siffar da kansa. Ta haka mai kunya zai iya rubuta takarda mai ƙarfi ba tare da ya saɓa wa tarbiyyarsa ba. Kowane aikin da aka ambata ya kamata ya amsa tambaya huɗu: mece ce matsalar, mene ne rabon mai nema a cikin aikin, me aka samu, me ya koya wanda ya kai shi ga mataki na gaba. Wahalar rayuwa ma tana da gurbi, in dai an kawo ta don ta bayyana wani abu, misali dalilin da sakamakon shekara ta biyu ya faɗi, ko yadda aka yi karatu tare da aikin ciyar da gida.

6.3 Wasiƙun Shaida

Wannan ne ɓangaren da ba ya hannun ɗalibi, kuma shi ne masana harshe suka fi bincika. A 2003 Frances Trix da Carolyn Psenka suka nazarci wasiƙu fiye da 300 da aka rubuta wa masu neman aikin koyarwa a wata makarantar likitanci a Amurka, suka gano cewa na mata sun fi gajarta, sun fi ɗauke da kalmomin da ke jefa shakku, kuma an fi yabon mata da ƙwazo da himma, maza kuwa da bincike da basira. A 2016 Kuheli Dutt da abokan aikinta suka duba wasiƙu 1,224 daga ƙasashe 54 na masu neman tallafi a kimiyyar ƙasa, suka samu cewa damar mace ta samun wasiƙa mai daraja ta ƙoli kusan rabin ta namiji ce, kuma wasiƙun da suka fito daga nahiyar Amurka sun fi na sauran yankuna tsawo.

Wannan batu na tsawo ya shafi malaman Nijeriya. Wasiƙar da aka saba rubutawa a nan gajeriya ce, sakin layi biyu, tana shaida cewa ɗalibi mai ladabi ne da biyayya, ba a taɓa samunsa da laifi ba. A wurin marubucinta wannan yabo ne. A wurin mai karatun da ya saba da shafi biyu cike da misalai, gajartar kanta saƙo ce, yana ɗauka malamin bai san ɗalibin ba ko kuwa yana ɓoye wani abu. Saboda haka malamin da ya ga aikin ɗalibi da idonsa ya fi amfani a kan shugaban tsangaya mai babban suna wanda bai san fuskarsa ba, kuma wajibi ne ɗalibi ya kai wa malamin shirin bincikensa da bayanin kansa makonni kafin wa'adi.

7.0 Hanyoyin da ke Buɗe ga Ɗalibin Nijeriya

Shirin NSF da na Hertz da na Ma'aikatar Tsaro duk a rufe suke ga wanda ba ɗan Amurka ba ko mazauninta na dindindin. Ɗan Nijeriya da ya sami gurbin digiri na uku a can galibi ta hanyar koyarwa ko aikin binciken malami yake samun abin dogaro. A gida akwai Asusun Bunƙasa Fasahar Man Fetur, PTDF, wanda aka kafa a 1973, mai ɗaukar nauyin digiri na biyu da na uku a fannonin da suka shafi mai da iskar gas da makamashi. Akwai kuma asusun TETFund, wanda ya samo asali daga dokar harajin ilimi ta 1993 aka sake masa fasali a 2011, mai tallafa wa malaman manyan makarantun gwamnati su ƙaro karatu. A ƙarshen 2024 ya sanar da dakatar da tura sababbin malamai ƙasashen waje daga farkon 2025. Daga waje akwai tallafin ƙungiyar Kwamanwel da aka kafa a 1959, da na hukumar DAAD ta Jamus, da na Fulbright.

Sunayen takardun sun bambanta, amma ma'aunan nan biyu suna nan a ƙarƙashinsu. Tallafin Kwamanwel, alal misali, yana neman bayani na musamman a kan yadda karatun zai taimaka wa ci gaban ƙasar mai nema, wanda shi ne ma'aunin amfani ga al'umma da wani suna. A wannan fage ɗalibin Nijeriya yana da abin faɗa fiye da takwaransa na Turai, matuƙar ya sauko daga manyan kalmomi irin su "ci gaban ƙasa" ya ambaci garin, da matsalar, da mutanen da zai yi aiki da su, da harshen da zai yi musu magana da shi. Injiniyan da ya ce zai kai sabuwar hanyar busar da tumatir ga manoman Kadawa ya kamata ya faɗi ko da Hausa zai rubuta littafin jagorar, kuma wa zai taimaka masa da kalmomin.

Akwai kuma sharaɗi guda da babu shi a tsarin NSF. Mai neman digiri na uku ta hanyar Kwamanwel ko DAAD ana bukatar ya gabatar da takarda daga malamin da ya amince zai duba aikinsa a Ingila ko Jamus. Ke nan rubutu na farko da zai yanke hukunci a kansa ita ce gajeriyar wasiƙar da zai aika wa malamin da bai san shi ba, watanni kafin a buɗe gasar, wadda a cikin sakin layi biyu ko uku za ta nuna ya karanta aikin malamin, ta faɗi tambayar da yake son bi, ta kuma ambaci asusun da yake shirin nema.